Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin ECOWAS da na ƙawancen ƙasashen Sahel na AES (Mali da Nijar da Burkina Faso)

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Masu girma shugabanni, ranku ya daɗe. Da gangan na haɗa ku a wasiƙa guda, ku da kuke taro a Abuja da ku da kuke taro a Bamako da Yamai da Wagadugu, domin maganar ta shafe ku duka. Ni ɗan bakin iyaka ne, daga yankin da mutum kan yi sallar asuba a Najeriya, ya je jana'izar kawunsa a Nijar, ya dawo gida kafin la'asar. Duk abin da kuka yanke a zaurukanku, a kasuwanninmu da gonakinmu yake fara sauka.

Duniya tana sake lale a gabanmu, kuma ban ga alamar kun zauna tare kun duba abin da hakan zai haifar mana ba. Faransa ta kwashe sojojinta daga Mali da Burkina Faso da Nijar da Chadi da Senegal. Amurka ta bar sansaninta na Agadas, ta kuma rufe hukumarta ta ba da agaji. Rasha ta shigo, Turkiyya tana sayar da jirage marasa matuƙa, Sin tana nan da daɗewa a rijiyoyin mai, Turai kuma ta karkata hankalinta da kuɗinta ga yaƙin Yukiren. Ba wanda zai ɗora muku alhakin wannan. Alhakin da ke wuyanku shi ne kun ɗauko rigimar manyan ƙasashe kun shigo da ita tsakaninku, har ta kai shugaba ya fi amincewa da baƙon da ya taso daga uwa duniya a kan maƙwabcin da suke shan ruwan kogi ɗaya.

Mu koma 2011, don a nan wutar ta kama gadan-gadan. A watan Maris na shekarar, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1973 da sunan kare fararen hula a Libiya. Ƙasashen Afirka uku da ke kwamitin a lokacin, Najeriya da Afirka ta Kudu da Gabon, duk sun ɗaga hannu sun amince. Jiragen NATO suka yi wata bakwai suna luguden wuta, aka kashe Gaddafi a watan Oktoba, waɗanda suka yi aikin suka kaɗe riga suka koma gida. Ba wanda ya tsaya gadin rumbunan makamai. Mahamadou Issoufou na Nijar da Idriss Déby na Chadi sun sha yin gargaɗin abin da rushewar Libiya za ta jawo wa Sahel, ba a saurare su ba. A 2012 Kidal da Gao da Timbuktu suka faɗa hannun 'yan tawaye da masu iƙirarin jihadi. Bindigogin da suka fito daga can ba su tsaya a Mali ba, sun bi hamada sun gangaro kudu, sun haɗu da waɗanda ake ƙwacewa daga barikokinmu.

Sai aka kira Faransa. Kowa ya tuna yadda mutanen Timbuktu suka yi wa François Hollande tarba ta girma a farkon 2013. Daga nan aka kafa rundunar Barkhane ta Faransa a 2014, wadda ta taɓa kai sojoji sama da 5,000, ga dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya fiye da 10,000 a Mali, ga rundunar G5 Sahel, ga sansanin jirage marasa matuƙa da Amurka ta kashe sama da dala miliyan 100 ta gina a Agadas. Aka shafe kusan shekara goma a haka. Rikicin da ya fara a arewacin Mali ya sauko tsakiyarta, ya tsallaka Burkina Faso, ya mamaye Tillaberi da arewacin Tawa. A watan Janairun 2021 jirgin Faransa ya jefa bam a ƙauyen Bounti, binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce taron biki ne kuma fararen hula 19 suka mutu, Faransa ta musanta. Saboda haka fushin da matasan Bamako da Yamai suka nuna yana da tushe, kuma duk wanda ya ce Rasha ce kawai ta hure musu kunne bai yi musu adalci ba.

To amma me ya biyo baya? Sojojin hayar Wagner na Rasha sun isa Mali a ƙarshen 2021. A watan Maris na 2022 aka yi ta'asar Moura, inda ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce sojojin Mali da wasu baƙin mayaƙa sun kashe aƙalla mutum 500. Gaskiya ne an ƙwato Kidal a watan Nuwamban 2023, abin da aka daɗe ba a iya ba, kuma 'yan Mali sun yi alfahari da shi. Sai dai a watan Yulin 2024 aka yi wa sojojin Mali da na Wagner mummunar ɓarna a Tinzawaten, wani kakakin hukumar leƙen asirin sojin Yukiren ya yi furucin da ke nuna suna da hannu, Mali ta yanke hulɗa da Yukiren, Nijar ta bi sahu. Yaƙin da ake gwabzawa tsakanin Mosko da Kiyef ya zo ya sami fili a hamadarmu. A watan Yunin 2025 Wagner ta ce ta gama aikinta, ta bar wa rundunar Africa Corps da ke ƙarƙashin ma'aikatar tsaron Rasha. Wata uku bayan haka ƙungiyar JNIM mai alaƙa da Alƙa'ida ta fara ƙona tankokin mai a hanyoyin da ke shiga Bamako, har gwamnati ta rufe makarantu na mako biyu saboda babu man da za a kai yara da malamai. Rahoton ma'aunin ta'addanci na duniya ya nuna cewa a 2024 fiye da rabin mutanen da ta'addanci ya kashe a faɗin duniya a Sahel suka mutu.

Ba ina cewa Faransa ta fi Rasha ko Rasha ta fi Faransa ba. Dukansu sun zo ne da lissafinsu, kuma ranar da lissafin ya canza za su naɗe tabarma. Tun kaka da kakanni Bahaushe ya ce kayan aro ba ya rufe katara.

Ko a harkar abinci mun ɗanɗana. Da aka fara yaƙi a Yukiren a watan Fabrairun 2022, alkama da takin zamani suka yi tashin gwauron zabo. Najeriya kusan duk alkamar da take ci daga waje take shigowa da ita, kuma wani ɓangare na sinadarin haɗa taki daga Rasha yake zuwa. Mai shayi ya ƙara kuɗin burodi, manomin da ya saba shuka masara ya koma gero da dawa da waken suya don ba su da cin taki sosai. Talakan da bai san inda Bahar Aswad take ba ya biya kuɗin yaƙin da ake yi a gaɓarta.

Yanzu bari in fuskance ku, shugabannin ECOWAS. Ba na goyon bayan juyin mulki, kuma tsare hamɓararren shugaban Nijar Mohamed Bazoum fiye da shekara biyu ba tare da an gurfanar da shi gaban kotu ba abu ne da bai dace ba. Amma abin da kuka yi a ranar 30 ga Yulin 2023, kwana huɗu bayan sojoji sun karɓi mulki a Yamai, ya bar tabon da har yau bai warke ba. Kun rufe iyakoki, kun daskarar da kuɗaɗen ƙasar, kun ba da wa'adin mako guda tare da barazanar yaƙi. Najeriya ta katse wutar lantarki, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga gare ta yake zuwa. Takunkumin bai ware abinci da magani ba. Iyakar da aka rufe ta kai kusan kilomita 1,500, ta ratsa jihohi bakwai daga Kebbi zuwa Borno, kuma yawancin mutanen da ke ɓangarorinta biyu dangin juna ne. Sarautar Maraɗi daga Katsina ta fito, ta Tsibiri daga Gobir. Turawan Ingila da Faransa ne suka ja layin a takarda tsakanin 1890 da 1906, mu kuwa muka ci gaba da auratayya da cinikayya kamar ba a ja ba.

Da ma ɗayanku ya zo Illela ko Jibiya ko Maigatari a waɗannan watanni. Tireloli sun yi jerin gwano iya ganin ido. Warin ruɓaɓɓiyar albasa yana tarbar mutum tun daga nesa, ruwanta yana ɗiga daga ƙarƙashin tampol. Direba ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin motarsa mako da makonni, har ya fara zuƙo man tankinsa yana sayarwa a galan don shi da yaron motarsa su ci abinci. 'Yan dako da masu tuwo-tuwo da 'yan canji duk suka zauna hannu rabbana. Mara lafiya da ya kamata a kai asibiti ta kan kwalta, sai a goya shi a kan babur a bi ɓarauniyar hanya ta cikin gonaki, ana biya a kowane shinge. Janar-janar ɗin da kuka nufa da horon ba su kwana da yunwa ko sau ɗaya ba.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne yadda Faransa ta fito fili tana mara muku baya. Ko da niyyarku kare dimokuraɗiyya ce, talakan Nijar ya ɗauka aiken Faransa kuke yi. Kuma yana da abin kafa hujja, don ya ga yadda kuka yi shiru a 2020 lokacin da Alpha Condé da Alassane Ouattara suka nemi wa'adi na uku. Allah ya saka wa waɗanda suka hana a yi yaƙi da alheri: Majalisar Dattawan Najeriya da ta ƙi amincewa da amfani da ƙarfi, Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Malam Muhammadu Sanusi na II da ya je ya gana da shugaban mulkin sojan Nijar Janar Tiani, da tawagar malamai ƙarƙashin Shaikh Bala Lau. Sai da Janar Yakubu Gowon, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ECOWAS a 1975, ya fito ya roƙe ku, sannan kuka ɗage takunkumin a ranar 24 ga Fabrairun 2024. Kafin nan bakin alƙalami ya bushe. An riga an kafa AES a watan Satumban 2023, an kuma sanar da ficewar ƙasashenta daga ECOWAS a watan Janairun 2024. Hanyoyin dajin da aka buɗe don shinkafa da fetur a wancan lokaci, da kuma lokacin rufe iyakar 2019, ba su rufu ba, kuma wanda ya ɗauko buhu ta nan zai iya ɗauko bindiga.

Ku kuma shugabannin AES, ranku ya daɗe, kuna da naku kason. Maganar 'yancin kai da kuke yi tana ratsa zukatan jama'a, har da mu da ke wannan ɓangaren. Amma 'yanci daga Faransa bai wajabta gaba da maƙwabci ba. A watan Maris na 2025 Nijar ta sanar da ficewa daga rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi. Wannan runduna ba ta Turawa ba ce, ta ƙasashen tafkin ce da Jamhuriyar Benin, kuma hedikwatarta tana Injamena. Ku tuna 2015. Boko Haram ta kai hari Bosso da Difa a watan Fabrairu, sai a watan Maris sojojin Nijar da na Chadi suka tsallaka kogin Komadugu suka ƙwato Damasak, garin da ke cikin Najeriya. Yaran Damagaram da Tawa sun zubar da jininsu a ƙasar Borno, kuma mutanen Borno ba su manta ba. A duk tarihin wannan yaƙi, lokacin da aka fi ganin nasara shi ne lokacin da maƙwabta suka taru suka matsa wa abokin gaba ta kowace kusurwa. A watan Afrilun 2025 Gwamna Babagana Zulum ya fito ya ce Borno tana komawa baya, ISWAP tana sake afka wa sansanonin soja. Ba na cewa ficewar Nijar kaɗai ta jawo hakan, amma ɗan ta'addan da aka koro daga wannan gaɓa ya san yanzu ba a jiransa a waccan.

Haka Lakurawa. Mutanen Tangaza da Gudu a Jihar Sakkwato sun san su tun wajen 2018, baƙi masu rawani da suka shigo ta Nijar da sunan taimakawa a kori ɓarayin shanu. Daga baya suka koma karɓar zakka da ƙarfin bindiga, suna yi wa samari bulala a kan aski ko sauraron kiɗa. A watan Nuwamban 2024 suka kashe mutum 15 a garin Mera na Ƙaramar Hukumar Augie a Kebbi. Hedikwatar tsaron Najeriya da bakinta ta ce sun samu kafa ne ta giɓin da ya buɗe bayan sintirin haɗin gwiwa da Nijar ya tsaya. Wata guda bayan haka Janar Tiani ya yi hira da Hausa ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa don a hargitsa Nijar, Najeriya ta musanta. Mun saurari hirar a wayoyinmu, a majalisu da tashoshin mota, kuma hankalinmu ya tashi. Idan akwai hujja, a kawo ta kan teburi a bincika tare. Idan kuma zato ne, a sani cewa kowace kalma irin wannan tana sa sojan da ke Ƙonni ya ƙi ɗaga waya ya gaya wa na Illela cewa babura talatin sun nufo shi.

Ga kuma gadar Gaya da Malanbil da ke kan iyakar Nijar da Benin, wadda Nijar ta bari a rufe bayan an ɗage takunkumi. Kayan da a da suke zuwa ta Kwatano sai sun zagaya ta Lome, su ratsa Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja, ta hanyar da ake dasa nakiyoyi. Kuɗin wannan zagaye a kan mudun shinkafar matar da ke Yamai yake ƙarewa. Bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, wanda kamfanin Sin ya gina, sai da ya tsaya cak a 2024 saboda rigimar gwamnatocin biyu. Ana cikin wannan kallon hadarin kaji JNIM ta kashe sojojin Benin 54 a watan Afrilun 2025, a dajin da ya haɗa Benin da Nijar da Burkina Faso. Da man fetur ya yanke a Nijar a watan Maris na 2025, Najeriya aka nufa, kuma tankoki sun tsallaka.

Akwai wani sauyi da ya fi waɗannan saurin kashe mutane, ko da yake ba a jin ƙararsa. A watan Janairun 2025 sabuwar gwamnatin Amurka ta dakatar da agajin ƙasashen waje, zuwa Yuli an rufe hukumar USAID. A watan Fabrairu Ingila ta ce za ta rage agajinta daga kashi 0.5 zuwa 0.3 na kuɗin shigar ƙasa don ta ƙara wa soja. Cibiyar SIPRI mai nazarin harkar makamai ta ƙiyasta cewa duniya ta kashe sama da dala tiriliyan 2.7 a harkar soja a 2024. A tsakiyar 2025 Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin cewa za ta dakatar da tallafin mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabashin Najeriya saboda kuɗi sun ƙare. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 ne suka mutu da tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar.

Duk wanda ya taɓa shiga cibiyar tamowa ya san abin da waɗannan alƙaluma suke nufi. Ma'aikaciya tana ɗaura ɗan awon nan mai launi uku a dantsen yaro, ta ja shi, ya tsaya a kan ja. Yaro ɗan shekara biyu, gashi ya yi ja ya yi laushi, ƙafafu sun kumbura, ba shi da ƙarfin da zai yi kuka. Uwar ta baro ƙauyen da 'yan bindiga suka hana noma, ta yi rancen kuɗin mota, sai a ce mata kaya sun ƙare, ta dawo wani makon. Abincin da zai ceci yaron nan, wanda ake bayarwa a 'yar leda, gyaɗa ce da madara da sukari da mai da wasu sinadarai, kuma akwai masana'antun da ke yin sa a Yamai da Kano. Gyaɗa ita ce ta gina dalar Kano. Ta yaya ran ɗan Katsina ko ɗan Maraɗi zai rataya a kan zaɓen da aka yi a Amurka? Ba za mu iya tilasta wa baƙo ya ci gaba da ba mu ba, kuɗinsa ne. Amma shugabannin Afirka sun yi alƙawari a Abuja a 2001 za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, suka sake yi a Maputo a 2003 cewa kashi 10 zai tafi noma. Ƙasashe ƙalilan ne suka taɓa cikawa. Wannan kunyar tamu ce, ba ta wani ba.

Abin takaici, wannan sake lale na duniya yana ɗauke da dama a gare mu. Kowa yana neman abin da ke ƙarƙashin ƙasarmu. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, amma har yau kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki a Nijar, kuma da aka rufe mahaƙar Cominak a 2021 miliyoyin tan na dattin da ke fitar da guba aka bar wa mutanen garin. Nijar tana da haƙƙin ta ƙwace lasisin mahaƙar Imouraren daga kamfanin Faransa a 2024, ta kuma mayar da kamfanin haƙar yuraniyom na Somaïr mallakar ƙasa a 2025. Tambayar da ɗan Arlit zai yi ita ce wa zai saya yanzu, a kan nawa, kuma nawa zai dawo garinsu. Idan yarjejeniyar da aka yi da tsohon mai saye a ɓoye take, ta sabon ma a ɓoye, to talaka bai ga canji ba. Turai ta shiga neman iskar gas ido rufe bayan 2022, ga shirin bututun da zai tashi daga Najeriya ya ratsa Nijar zuwa Aljeriya, amma a watan Afrilun 2025 ƙasashen AES suka janye jakadunsu daga Aljeriya bayan ta harbo jirgin Mali marar matuƙi. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kusan kilomita 284, da aka ƙaddamar da aikin gina shi a 2021, amfaninsa ya dogara ne ga iyakar da ke buɗe. Mai saye yana jin daɗin ya same ku ɗaya bayan ɗaya, kowa a matse, kowa yana tsoron ɗan'uwansa, don a nan yake samun araha. Mun ga haka a 2015, lokacin da aka yi wa Nijar dokar hana safarar baƙin haure don hankalin Turai ya kwanta. Direbobin Agadas suka rasa sana'a, matafiya suka koma bin hanyoyin da babu rijiya, sai a 2023 aka soke dokar.

Ban rubuto don in ce Mali da Burkina Faso da Nijar su koma ECOWAS ba. Ficewar ta tabbata tun 29 ga Janairun 2025, kuma wannan shawara ce ta al'ummominsu. Na kuma yaba da yadda ɓangarorin biyu suka ce jama'a za su ci gaba da zirga-zirga ba tare da biza ba. Sai dai sanarwa ce ta wucin gadi, wadda fushin shugaba ɗaya zai iya shafewa cikin dare. Ku mayar da ita yarjejeniya a rubuce, ku kuma sa a ciki cewa ko wace irin rigima ta taso nan gaba, ba za a sake taɓa abinci da magani da wutar lantarki da hanyar kasuwa ba. Duk wanda ake son a hora, a hora shi a asusunsa da fasfonsa.

Sannan ku raba tsaro da siyasa. An fara wani abu lokacin da Babban Hafsan Tsaron Najeriya na wancan lokaci, Janar Christopher Musa, ya je Yamai a watan Agustan 2024, da lokacin da Ministan Harkokin Waje Yusuf Tuggar ya je a watan Afrilun 2025. Amma ziyara da hoto ba sa tare hanyar babur. Abin da ake buƙata shi ne kwamandan da ke Illela ya riƙe lambar wayar na Ƙonni, na Jibiya ya riƙe ta na Madarunfa, da izinin su kira juna ba sai sun jira umarni daga babban birni ba. A maido da sintirin haɗin gwiwa, a amince soja ya bi sawun 'yan bindiga ya tsallaka iyaka zuwa wani nisa da aka yarda da shi. Nijar ta dawo rundunar Tafkin Chadi, in kuma tana da ƙorafi kan yadda ake tafiyar da ita, a gyara. Ba sai an ƙirƙiro sabuwar hukuma ba. Hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar tana nan a Yamai tun 1971, kuma a 2019 gwamnonin Katsina da Sakkwato da Zamfara sun zauna da na Maraɗi kan matsalar 'yan bindiga, a shekarar da dubban mutanenmu suka gudu yankin Gidan Runji aka karɓe su a gidaje aka raba tuwo da su.

Game da baƙi, kowace ƙasa ta yi hulɗa da wanda ta ga dama, Rasha ko Amurka ko Sin ko Turkiyya ko Faransa. Amma ku yi wa juna alƙawari cewa ba za a yi amfani da ƙasar ɗayanku a cutar da maƙwabci ba, kuma ku ba juna damar zuwa a gani da ido idan zargi ya taso. Duk yarjejeniyar soja ko ta ma'adinai a bayyana wa jama'a abin da ta ƙunsa. Duk wanda ya kashe farar hula, baƙo ne ko ɗan gida, a bincika a hukunta. Iyalan Bounti da na Moura da na Tudun Biri, inda jirgin sojan Najeriya ya kashe masu Mauludi a watan Disamban 2023, haƙƙinsu ɗaya ne. Ƙauyen da aka zalunta aka yi shiru, a nan masu ɗaukar mayaƙa suke samun samari. Kuma ku bar 'yan jarida da malaman jami'a da masu fafutuka su faɗi abin da suka gani ba tare da an ɗaure su ko an kore su ba, domin shugaban da ba a gaya masa gaskiya shi ne na ƙarshe da ke jin labarin faɗuwar gari.

Kuɗin abincin yara masu tamowa kuwa, ku sa shi a kasafin kuɗinku na shekara mai zuwa, ku saya daga masana'antun yankin, da gyaɗar manomanmu. Bai kai farashin jiragen yaƙi kaɗan ba.

Ina roƙonku ku sa ranar zama kafin damina ta gaba, kuma ku yi shi a garin bakin iyaka, Ƙonni ko Maraɗi ko Katsina ko Gaya. Ku gayyato sarakuna da malamai na addinan biyu, da shugabannin direbobi da na makiyaya, da mata masu sana'a a kasuwannin iyaka, ku ba su lokaci su yi magana kafin ministoci. Abin da kuka cimma, a karanta shi a gidajen rediyo da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci, tare da ranar da kowane mataki zai fara aiki, don mu san abin da za mu tambaye ku a kansa.

Wassalamu alaikum.

Naku mai fatan alheri.